Tseren Kofin Vanderbilt: Ni Dai Ina Bayan Manoman Long Island

Jama'a, duk inda aka tashi ba da tarihin tseren mota a Amurka sai an wanke William K. Vanderbilt II tas, a ce shi ne ya farkar da ƙasar daga barci. Ban ce ƙarya ba ne. Amma akwai mutanen da ake tsallakewa a labarin, kuma a ganina su ne suka fi kowa gaskiya.

Vanderbilt jikan gidan masu layin dogo ne, kuɗi ba a magana. Ya je Turai ya ga motocin Faransa da Jamus sun yi wa na Amurka fintinkau, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya sa kofin azurfa, ya shirya tsere ranar 8 ga Oktoba 1904 a gundumar Nassau da ke tsibirin Long Island, wajen birnin New York. Ba fili aka keɓe ba. Hanyoyin jama'a aka ɗauka, zagaye mai tsawon kilomita 48 da ya ratsa ta Westbury da Jericho da Hicksville da Hempstead. A lokacin yankin gonaki ne da ƙananan garuruwa, sai gidajen hutun attajirai jefi-jefi.

Manoman wurin da keken doki suke kai kayan lambu kasuwar birni, kuma waɗannan hanyoyin ne nasu. Suka ce ba su yarda ba, har kotu suka je. Ba su yi nasara ba. Aka kwarara wa hanya mai don kwantar da ƙura, aka tashi motoci. George Heath ya ci a cikin Panhard ta Faransa, da matsakaicin gudun kilomita 84 a awa. A wannan tseren na farko wani makanike da ke zaune gefen direba ya rasa ransa, kuma motoci biyu kawai suka kammala kafin 'yan kallo su cika hanya a dole a tsayar da wasan.

Kar a ce ba a sani ba. Shekara guda kafin nan, a 1903, gwamnatin Faransa ta dakatar da tseren Paris zuwa Madrid a Bordeaux saboda yawan mace-mace, ciki har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan uwan da suka kafa kamfanin Renault. Vanderbilt kansa yana cikin waɗanda suka shiga wannan tseren. Da idonsa ya ga abin da ke faruwa in aka saki irin waɗannan motoci a hanyar da mutane ke bi.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar manoma ba ta yi nauyi ba sai da aka zubar da jini a gaban manya. A 1906 taron ya haura mutum dubu 200, babu shingen da zai riƙe su, mota ta kwashe wani ɗan kallo ya mutu. Sai a lokacin aka ce to, lallai akwai matsala. Ba a yi tsere a 1907 ba.

Mafitar da attajiran suka samo ita ce su gina hanyarsu. Long Island Motor Parkway ta fara aiki a 1908, shimfiɗar kankare, da gadoji a mararraba don kada ta haɗu da sauran hanyoyi, motoci kaɗai ke hawa. A nan dole in sara wa Vanderbilt, domin irin wannan tsari ne manyan titunan duniya suka bi daga baya. Kuma a shekarar ce George Robertson ya ci kofin a Locomobile, karon farko da motar Amurka ta yi nasara, wato burin Vanderbilt ya cika. Sai dai kuɗin shiga hanyar dala 2 ne, keken doki kuma ba shi da wuri a kanta. Ga shi sabuwar hanyar wani ɓangare kawai ta ɗauka na zagayen tseren, saura duk a kan hanyoyin mutanen gari aka ci gaba da yi.

Shi ya sa 1910 ta zo da abin da ta zo da shi. Harry Grant ya sake ci a motar ALCO, amma makanikai biyu suka mutu, 'yan kallo da dama suka jikkata. Daga nan aka kwashe tseren daga Long Island, ya koma Savannah a 1911, sannan Milwaukee, sannan Santa Monica da San Francisco. Da ya dawo yankin a 1936, a killataccen filin Roosevelt Raceway aka yi shi, Tazio Nuvolari na Italiya ya ci. Abin da manoma suka nema ke nan tun shekara 32 baya.

Ita kuma hanyar masu kuɗin, gwamnatin jiha ta gina Northern State Parkway kusa da ita, masu mota suka koma can. A 1938 Vanderbilt ya rufe tasa, ya miƙa wa hukumomi a madadin harajin da ake binsa.