Mun Ce Masa Sannu da Zuwa, Amma Ina Muka Zaunar da Shi?

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Akwai abin da yake ci mini rai game da ranar Lahadi a majami'unmu, gara in faɗe shi ko da zai yi ɗaci.

Lokacin sanarwa ya yi, sakatare ya ce duk wanda yau ne zuwansa na fari ya miƙe tsaye. Baƙo ya miƙe, aka yi masa tafi, mawaƙa suka rera waƙar maraba. Da aka tashi, kowa ya nufi nasa. 'Yan gari ɗaya sun haɗa kai a gindin bishiya suna yarensu, zumuntar mata ta shiga taro, dattawa sun shige ofis ƙirga baiko. Baƙon ya duba gabas ya duba yamma, ya kama hanyarsa. Lahadi ta zagayo ba a gan shi ba, ba kuma wanda ya tambaya, domin ba wanda ya riƙe sunansa. Shi ma wanda ya samu ya shiga ke nan. Akwai wanda matakalar ƙofa ta mayar da shi gida tun kafin a yi addu'ar buɗewa.

Kun san abin da Yakubu ya rubuta a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, sura ta 2. Mai zoben zinariya da kyakkyawar riga ya shigo aka kai shi wuri mai kyau, matalauci mai tsumma ya shigo aka ce ya tsaya can ko ya zauna ƙasa. Yakubu bai kira wannan kuskure ko mantuwa ba, zunubi ya kira shi. Mu dubi kanmu da gaskiya. Idan mai babbar mota ya zo a makare, ana wa'azi ma, sai mai tarba ya ratsa da shi har gaba, a tashi wani yaro daga kujera a ba shi. Idan tsohuwa mai sayar da ƙuli ta makara, sai a nuna mata bencin baya da yatsa, ko ɗaga ido ba a yi ba. Wa ya koya mana wannan? Ba daga wurin Yesu muka gani ba.

Mu fara daga ƙofa, domin nan ne muka fi kasawa, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Muna tara kuɗi mu yi rufi mai tsayi, mu sa tayil, mu sayi manyan lasifikoki, amma matakala uku ko huɗu na nan tsaye gaban ɗan'uwa mai keken guragu. Sai dai samari huɗu su ɗaga shi kamar buhu a gaban jama'a, ko ya sauka ya ja jiki da hannu a kan ƙurar takalman mutane. Babba mai iyali, kowane mako haka. Idan ya daina zuwa, sai mu ce ya ja da baya cikin bangaskiya.

Gangaren siminti ba abu ne mai wuya ba, amma yana da ƙa'ida. Kowane inci ɗaya na tsayi yana buƙatar ƙafa ɗaya ta tsawo. Matakala uku masu inci 6 kowace, inci 18 ke nan, to gangaren ya kai ƙafa 18. Inda ake ɓata aikin shi ne magini ya ga fili ya yi kaɗan ya gajarta shi zuwa ƙafa biyar ko shida. Irin wannan ba mai iya hawa da ƙarfin hannunsa, wajen sauka kuma keke yakan ƙwace ya kifar da mutum. In fili bai isa ba, a bi da shi ta gefen bango. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa uku, in da hali a yi huɗu, domin keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi na asibiti cin wuri. A bar fili shimfiɗaɗɗe kamar ƙafa biyar a bakin ƙofa, domin mutum ya tsaya ya juya ba tare da ya gangara baya ba. Kada a shafe simintin ya yi sumul, kada a sa tayil mai santsi. A ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye ya yi kaushi, saboda damina. A sa ƙarfen dafawa a gefe, tsofaffi da masu ciki ma za su gode. Ƙofar kanta ta buɗe aƙalla ƙafa uku, a fasa ɗan dandamalin da ake bari a ƙasanta. Idan an gama, kada a mai da gangaren wurin ajiye babura.

Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Najeriya, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Abin kunya ne a ce hukuma ce za ta tuna wa ikilisiya wannan, alhali muna karanta labarin mutum huɗu da suka buɗe rufin ɗaki a Kafarnahum don su sauke shanyayye gaban Ubangiji. A duba banɗaki kuma. Wanda ba ya iya tsugunawa, sujadar awa uku azaba ce gare shi idan babu ko ɗaki ɗaya mai faɗin ƙofa da abin zama da ƙarfen dafawa. Da yawa sukan ƙi shan ruwa tun asuba saboda wannan, ba za su taɓa faɗa muku ba.

A ciki, kada a tara masu keke a can bayan ƙofa su kaɗai. A gajarta benci biyu ko uku, ɗaya gaba ɗaya tsakiya, mutum ya zauna kusa da matarsa da 'ya'yansa. Zabiya idonsa ba ya gani nesa, hasken rana kuma yana cutar da fatarsa, don haka a ba shi gaba, idan taron waje ne a ba shi inuwa. Makaho, ka faɗi sunanka idan ka gaishe shi, ka ba shi hannunka ya riƙe, kada ka ja shi da sandarsa. Mai jagorar sujada ya faɗi lambar waƙa da aya da baki sau biyu, kada ya ce "ga shi nan a allo" ya wuce. Kurma kuwa, idan akwai mai fassara da hannu, ya tsaya inda haske ke faɗa masa a fuska, kada taga ta kasance bayansa, a kuma samu mutum biyu su riƙa karɓar juna bayan kamar minti 20 ko 30, domin aikin yana gajiyarwa. In babu mai fassara, ko takarda ɗaya a rubuta nassin ranar da manyan kalmomin wa'azi da sanarwa a miƙa masa.

Sai harshe. Ikilisiyoyinmu na Arewa sun tara ƙabilu da yawa, Hausa ce ta haɗa mu, a birni kuma an ƙara Turanci. To me ya sa mai wa'azi a sujadar Hausa zai kwashe rabin lokaci yana zuba Turanci, kakanninmu suna zaune suna kallon bakinsa? Me ya sa idan an zo maganar kuɗi ko zaɓe sai a koma yaren masu rinjaye? Bulus ya tambayi Korantiyawa yadda wanda bai fahimci addu'arka ba zai ce Amin. A Ayyukan Manzanni sura 6, ƙorafin farko da ya tashi cikin ikilisiya na harshe ne: an riƙa tsallake gwaurayen masu jin Helenanci, wato harshen Girka, wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a yi shiru ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, kuma in ka duba sunayensu, dukansu na Helenanci ne. Aka danƙa aikin a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Mu fa, shekara nawa 'yan'uwan da suka gudo daga Gwoza da Madagali da Michika tun 2014 suka yi a cikinmu, suna ba da baiko tare da mu, har yau ana ce musu 'yan gudun hijira, ba a taɓa sa ko ɗaya cikin kwamiti ba?

Na san halin tsaro da muke ciki, bincike a ƙofa ya zama dole. To a binciki kowa, har dattijo, har matar fasto. Idan mai babbar riga da hula ko ɗan'uwa Bafulatani shi kaɗai aka ware aka tsare da tambayoyi, an gaya masa abin da ake ɗaukarsa. Akwai Hausawa da Fulani da suka rasa gida da dangi saboda sunan Yesu. Idan mu ma muka dube su da ido ɗaya, ina za su?

Iyayenmu mata na zumunta, ku ne ƙashin bayan ikilisiya, shi ya sa zan roƙe ku. Gwauruwar da ba ta da kuɗin zanen zumunta, kada a ce ta koma baya ranar waƙa. Ku sayi 'yan turame na ajiya daga asusu, a ba ta a ɓoye, ba a gaban taro ba. Haka ranar godiyar kaka ko gidauniyar gini, idan ana kiran suna da adadi ta lasifika, wanda ya zo da naira ɗari yakan ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mai jariri idan ya yi kuka, a daina juyowa ana harararta, wata uwa ta matsa ta karɓa mata. Yarinyar da ta yi ciki aka sa ta a horo, horo yana da ranar ƙarewa, kuma ba a hana gaisuwa a cikinsa. A naɗa mace ɗaya mai hankali ta riƙa ziyartarta, a kira wanda ya yi cikin shi ma. Bulus da kansa ya ce a yafe wa wanda aka hora a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Rashin sani ma yana sa mu guje wa mutane. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Idan ta kama wani ana sujada, a janye benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko ruwa a bakinsa, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, a tafi asibiti, ana tafiya ana addu'a. Ƙanjamau ba ya bin ƙoƙo ko musafaha. Kuturta tana warkewa da magani cikin wata 6 zuwa 12, wanda ya sha magani ba ya sa wa kowa ko da yatsunsa sun gutsure. Kada mu manta, a asibitocin kutare irin na Garkida da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa mutane da yawa suka fara jin bishara, wasunsu suka fita suka kai ta ƙauyukansu. Yau kuma mu ne za mu matsa gefe a benci idan jikansu ya zauna?

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Bai san lokacin tashi da zama ba, bai san ko an yarda ya ci Jibin Ubangiji ba, bai san inda ake kai yara makarantar Lahadi ba. Masu tarba, aikinku ya wuce nuna kujera. Ku iso minti 30 kafin a fara. Ɗaya ya tsaya a ƙofar waje, ɗaya a ciki. Ku ajiye Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi guda biyar ko shida na aro. Ku zaunar da baƙo kusa da wanda zai buɗe masa shafi. Kada ku tilasta masa riƙe makirufo, wani kunya ce da shi, wani kuma akwai haɗari gare shi idan labarin zuwansa ya fita, don haka kada a ɗauki hotonsa a sa a Facebook sai ya yarda. A rubuta sunansa da unguwarsa in ya amince, a kira shi kafin Laraba, a je gidansa cikin mako biyu. Mutum ɗaya takamaimai za a ɗora wa wannan, domin aikin da aka ce na kowa ne yakan kwana ba a yi ba.

Sauranmu kuma, minti 10 na farko bayan albarka, ka haƙura da abokinka, ba inda za shi. Nemi fuskar da ba ka sani ba. Tambayi sunansa, ka maimaita shi har ya zauna maka. In akwai tuwo a gida, ka ce ya zo ku ci. Bitrus ma ya taɓa janye jiki daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya, Bulus ya tsauta masa ido da ido, don haka kada kowa ya ce shi ya fi ƙarfin wannan rauni.

Baba Fasto, dattawa, ina roƙonku saboda Allah, a zaman majalisa mai zuwa ku sa wannan a kan takarda. Ku ɗauki abin awo ku auna matakalar nan. Ku kira 'yan'uwa naƙasassu da gwauraye da baƙi ku tambaye su da bakinsu abin da yake hana su zuwa, ku yi shiru ku saurara. Sa'an nan ku buɗe rajista ku ƙirga sunayen da ba a gani ba wata uku, ku raba su tsakaninku, kowa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa kafin Lahadi.