Tsakanin "ya fashe" da "na fasa" a bakin Japanawa

Masu koyon Japananci sukan ce harshen na masu gudun laifi ne, wai komai a wurinsu da kansa yake faruwa. Ni da nake zaune a Osaka ban yarda ba, kuma kunnen Bahaushe ne ya hana ni yarda.

Gaskiya suna da aikatau tagwaye. Waru shi ne fasa abu, wareru kuma abin ya fashe; kobosu zubar da shayi, koboreru shayin ya zube. To ai mu ma haka muke: fasa da fashe, karya da karye, ɓatar da ɓace. Suna kuma da abin da malaman nahawunsu ke kira jihatsu, wato abin da ke zo wa zuciya ba a gayyace shi ba. Omoidasu tunawa ce, amma in an ce omoidasareru, tunanin ne ya faɗo wa mutum. Tun 1981 masanin harshe Ikegami Yoshihiko ya bayyana Japananci da cewa ya fi karkata ga "zama", wato abu ya kasance da kansa, a kan "yi". A wannan fagen ina ganin Hausa ba ta da na biyu. Barci ya kwashe ni, dariya ta ƙwace mini, magana ta suɓuce daga bakina. Mu har hannu muke ba wa barci ya ɗauke mu.

Inda muka rabu shi ne ranar da aka lalata kayan wani. Yaro a gida zai ce "Inna, kofi ya fashe," ita kuma ta kalle shi ta ce, "Da kansa ya fashe?" Babba ma sai ya ce tsautsayi ne, a rufe magana. Nan kuwa in ka ari laimar maƙwabci ta karye a hannunka, ka ce masa kowaremashita, ta lalace, zai ji kamar kana zame jiki. Abin da ake faɗi shi ne kowashite shimaimashita, tare da rusunawa. Rabin farko yana cewa ni na lalata, rabi na biyu kuma, shimaimashita, wanda tushensa shimau ne, yana cewa ba da gangan ba, kuma raina bai so ba. Amsa laifi da neman uzuri a numfashi ɗaya, babu wanda ya ture ɗan'uwansa.

Wannan nake sha'awa ƙwarai. Ba wai Hausa ta gaza ba, muna iya cewa "ni na fasa, amma wallahi ban sani ba, ka yi haƙuri." Sai dai namu sai mutum ya zaɓa ya faɗa, alhali "ya fashe" ya fi kusa da baki. Nasu yana cikin maganar yau da gobe: a Tokyo an gutsure shimau ɗin, "na yi, ba da gangan ba" ya zama yatchatta, a nan Osaka yatte mota, kuma ɗan shekara uku da ya zubar da madara shi ma haka zai faɗa wa uwarsa.