Kuɗin talaka da ke kwana a baitulmalin Amurka

Bahaushe bai taɓa sanin haraji da daɗi ba. Kakanninmu sun ba mu labarin yadda magidanci kan kwana a dawa idan ya ji dagaci ya fito karɓar haraji, da yadda Bafulatani kan kaɗa shanu ya tsallake iyaka saboda jangali. Shi ya sa da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka ɗauke shi tamkar an kwance musu ƙangi. Da wannan tunanin ne da yawa daga cikin 'yan'uwanmu suka sauka a Amurka: hukumar haraji wuri ne da ake kai kuɗi, ba wurin da ake karɓowa ba, kuma mai hankali ba ya kai kansa inda ba a kira shi ba.

To, a Amurka wannan tunani yana jawo wa talaka asarar dubban daloli a kowace shekara.

Akwai wani tsari da ake kira EITC a taƙaice (Earned Income Tax Credit, ma'ana rangwame a kan kuɗin da aka samu ta hanyar aiki), wato rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi. An kafa shi a 1975, zamanin Shugaba Gerald Ford, bisa jajircewar Sanata Russell Long na jihar Luwiziyana, aka mai da shi na dindindin a 1978, sannan aka faɗaɗa shi a zamanin Reagan a 1986 da zamanin Clinton a 1993. Abin da ya bambanta shi da sauran rangwame shi ne, idan ya fi harajin da ake bin ka yawa, gwamnati ce za ta biya ka ragowar a hannu. Ko sisi ba a bin ka, za a ba ka shi cif. A shekarar haraji ta 2024, iyali mai 'ya'ya uku ko fiye na iya samun har dala 7,830, mai biyu dala 6,960, mai ɗaya dala 4,213. Wanda ba shi da ɗa ko ɗaya, nasa bai wuce dala 632 ba, kuma wannan a ganina ƙwauro ne da ya kamata majalisa ta gyara. Kimanin gidaje miliyan 23 ne ke karɓa a shekara.

Amma hukumar haraji ta ƙasar, IRS, da bakinta take cewa a cikin duk mutum biyar da suka cancanta, ɗaya ba ya karɓa. Miliyoyin mutane ke nan. Doka ta ware kuɗin, sunan mutum yana cikin kwamfutar gwamnati, albashinsa ma an sani domin wanda yake wa aiki ya aika da rahoto, amma kuɗin na nan kwance saboda ba a cike takarda ba.

Me ya sa? Babban dalilin ba lalaci ba ne, dokar ce da kanta ta haƙa ramin. A 2024, mata da miji da abin da suka samu na albashi bai kai dala 29,200 ba, doka ba ta tilasta musu cike takardar haraji ba. A ɗauki magidanci mai aikin gadi ko ɗauko kaya a sito, matarsa na gida da yara uku, ya samu dala 25,000 a shekara. Wani ya gaya masa gaskiya cewa ba dole ba ne ya cike, sai ya yi hamdala ya ajiye takardunsa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, da ya cike, da dala 7,830 ɗin nan gaba ɗaya ta shigo asusunsa, ban da rangwamen yara da shi ma zai ƙara masa wasu dubbai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya yi wa gumi shekara guda ke nan. Wato wanda ya fi kowa buƙata, shi ne doka ta ce ya zauna abinsa, kuma zaman nan shi ke raba shi da haƙƙinsa.

Sai kuma tsoro, kuma tsoron nan ba na banza ba ne. A 2019 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta nuna cewa gundumar da aka fi bincikar masu biyan haraji a duk Amurka ita ce Humphreys ta jihar Misisipi, gunduma ta matalauta wadda akasarin mazaunanta baƙar fata ne, ba unguwannin attajirai ba. A 2023 wani nazari da masana na Jami'ar Stanford suka jagoranta ya gano cewa ana bincikar baƙar fata ninki uku zuwa biyar fiye da sauran jama'a, kuma yawancin bambancin daga binciken masu neman EITC ya fito. Shugaban IRS na lokacin, Daniel Werfel, ya amince da hakan a wasiƙar da ya aika wa majalisar dattawa. Idan maƙwabcinka ya nemi kuɗin nan aka riƙe masa watanni ana neman takardar makarantar yara da ta asibiti da ta haya, kai da ka gani ai sai ka shafa wa gemunka ruwa. Balle baƙo, wanda kowace ambulan mai hatimin gwamnati ke sa gabansa faɗuwa.

Akwai masu cewa ai binciken ya zama dole, domin gwamnati da kanta ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin EITC ana biyan sa ba bisa ƙa'ida ba. Ban raina wannan hujja ba, dukiyar jama'a ce. Sai dai a duba inda kuskuren yake. Babban kasonsa a kan tambaya ɗaya ne: yaron nan wa zai sa shi a takardarsa? Doka ta ce sai yaro ya zauna tare da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara. A gidan da aure ya mutu, yaro na kwana uku nan huɗu can, ko kaka ce ke riƙo uwa na aikin dare, wa ya cika sharaɗin? Lauya ma sai ya zauna ya yi lissafi. Dokar da aka rubuta da gida mai uba da uwa da yara a ɗaki ɗaya a zuciya, ita ake auna gidajen talakawa da ita, gidajen da rayuwa ta riga ta wargaza musu tsari. Maganin kuskure irin wannan shi ne a sauƙaƙa ƙa'ida a kuma samar da mai taimako, ba a tsorata mutane su bar haƙƙinsu ba.

Wannan sharaɗi na zama tare ya shafi mutanenmu kai tsaye, kuma a nan nake so a buɗe kunne. Ɗanka da ke zaune yana karatu a Kano ko Kumasi ko Yamai, ko da kai ke biyan kuɗin makarantarsa da abincinsa, ba ya shiga lissafin EITC. Duk mai cike takarda da ya ce maka ya san yadda za a yi, ramin mugunta yake haƙa maka. Wanda aka samu da ganganci ana iya hana shi rangwamen shekara biyu, wanda aka samu da zamba shekara goma, kuma kuɗin sai ya dawo da su. A ɗaya ɓangaren kuma, ga abin da da yawa ba su sani ba: jika, da ƙane, da ɗan wa ko ɗan ƙane, duk suna shiga idan a hannunka suke zaune, matuƙar ba su kai shekara 19 ba, ko 24 ga ɗalibi mai cikakken karatu. Al'adarmu ta riƙo, wadda muke yi don zumunci, dokar Amurka ta san da ita a wannan gurbi. Dole ne dai mai nema da matarsa da yaran su kasance da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba 'yan ƙasa da baƙi masu izinin aiki. Mai lambar ITIN, wadda IRS ke ba wanda ba shi da ta Social Security domin biyan haraji, ba ya samun na tarayya, ko da yake wasu jihohi irin su Kalifoniya suna ba shi nasu.

Masu cike takarda na bogi kuwa, alamarsu a fili take. Zai cike maka amma ya ƙi sa hannu, ya ƙi rubuta lambarsa ta shaida, ya ce ladansa kaso ne daga abin da za a dawo maka, wani ma ya sa lambar asusunsa a maimakon naka. Abin takaicin shi ne sau da yawa ɗan gari ne, yarenku ɗaya, sahu ɗaya kuke sallah, kuma abin da ya sa aka yarda da shi ke nan. Ranar da wasiƙar bincike ta zo, sunanka ne a kai, ba nasa ba.

Alhali akwai inda ake yi kyauta. Shirin VITA ya fi shekara hamsin yana aiki: 'yan sa-kai ne da IRS ke horarwa ta kuma yi musu jarrabawa, suna zama a ɗakunan karatu da makarantu da cibiyoyin unguwa, suna cike wa masu ƙaramin ƙarfi takarda ba tare da karɓar ko kwabo ba. A kakar 2025 iyakar samun da aka sa ta kai kimanin dala 67,000. Dattawa 'yan shekara 60 zuwa sama suna da nasu shirin. Birnin New York, inda al'ummar Hausawa 'yan zango da 'yan Nijar ke da yawa musamman a Bronx, yana da nasa tsarin cike takarda kyauta, kuma jiha da birnin kowanne na ƙara nasa rangwamen a kan na tarayya.

Ra'ayina a nan kashi biyu ne. Na farko yana kan gwamnati. Hukumar da ta san albashin mutum har ta iya aiko masa wasiƙar tuni cewa da alama ya cancanta, za ta iya cike masa takardar ta ce ya duba ya sa hannu. An ga abin da sauƙi ke yi a 2021, lokacin da aka ɗaga rangwamen yara zuwa dala 3,600 ga 'yan ƙasa da shekara shida da 3,000 ga yaran da suka kai shida zuwa sama, aka riƙa tura rabinsa wata-wata kai tsaye cikin asusun iyaye daga Yuli zuwa Disamba. Talaucin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin ɗari. Da shirin ya ƙare, a 2022 ya koma kashi 12.4. Ban san wata hujja da ta fi waɗannan alƙaluma biyu ƙarfi ba.

Na biyu yana kanmu, kuma shi ne wanda ke hannunmu yau. Ƙungiyoyinmu na can sun iya haɗa kuɗin jana'iza da na suna cikin kwana biyu, sun iya tara gudunmawar gina masallaci a gida. Me zai hana kowace ƙungiya ta tura matasa biyu ko uku, cikin yaranmu da suka yi karatun akanta ko suke jami'a, su karɓi horon VITA? Mai kitso da direban Uber da mai kula da tsofaffi a gida ba za su buɗe wa baƙo sirrin samunsu ba, amma za su zauna da 'yar maƙwabta mai jin Hausa, wadda za ta nuna musu yadda ake rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, domin mai sana'ar kansa ma yana da haƙƙi idan ya bayyana samunsa. Liman ya yi sanarwa bayan Juma'a a watan Janairu, ya kuma faɗi abin da ke ci wa wasu rai ba sa furtawa: wannan ba bara ba ce, ba kuma sadaka ba. Sai wanda ya yi aiki ake ba wa. Sunansa ma abin da yake nufi ke nan.

Wanda ya yi sakaci a baya, ƙofa ba ta rufe nan take ba. Doka ta ba da shekara uku a koma a nemi abin da aka bari, bayan haka kuɗin ya zama na baitulmali. A farkon 2025 IRS ta sanar cewa mutane sama da miliyan ɗaya ba su karɓi fiye da dala biliyan ɗaya na shekarar 2021 ba, kuma wa'adinsu ya cika ranar 15 ga Afrilu. Takardar albashi ta W-2 takan iso a ƙarshen Janairu. Mutum ya haɗa ta da katin shaidarsa da katunan Social Security na duk 'yan gidan da lambar asusun banki, mata da miji su je tare domin dukansu za su sa hannu. Wata doka ta 2015 ta hana a saki kuɗin masu EITC kafin tsakiyar Fabrairu, don haka kada jinkirin 'yan makonni ya sa a karɓi bashin da wasu shaguna ke tallatawa a kan kuɗin da ke tafe.