Ƙawancen da bai kwana biyu ba

Duk majalisar da ka zauna a Sakkwato kwanan nan, daga Gawon Nama har Mabera, zancen ɗaya ne: 'yan adawa su haɗe kai. Ni ma ina son haka har zuciyata, shi ya sa abin da ya faru a Kwango yake damuna.

Ran 11 ga Nuwamba 2018 jagororin adawa bakwai suka zauna a birnin Janiba, suka sa hannu cewa Martin Fayulu ne zai tsaya musu, ya kara da Emmanuel Shadary, ɗan takarar shugaban ƙasa na lokacin, Joseph Kabila. Washegari Felix Tshisekedi da Vital Kamerhe suka janye. Magoya bayan UDPS, jam'iyyar Tshisekedi, ne suka yi dafifi a hedkwatar jam'iyyar a Kinshasa, suka ce ba su yarda ba. Mutanen nan sun sha ɗauri da duka a bayan mahaifin Felix, wato Etienne, tun kafa jam'iyyar a 1982, sai kawai su ji a rediyo an miƙa tutarsu ga mai ƙaramar jam'iyya, ba wanda ya shawarce su? Ban ga laifinsu ba. Laifin na waɗanda suka ƙulla magana a Turai ne, suka bar masu ƙuri'a a gida.

Kafin watan ya ƙare, Tshisekedi da Kamerhe sun ƙulla nasu ƙawancen a Nairobi. Aka yi zaɓe ran 30 ga Disamba, hukuma ta ce Tshisekedi ya ci, Fayulu ya ce fashi aka yi masa, limaman Katolika kuma suka ce sakamakon bai dace da abin da masu sa idonsu suka tattara ba.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurin dattawanmu. PPA, gamayyar jam'iyyun adawa ta Najeriya, ta taso don ta kayar da Alhaji Shehu Shagari a 1983, amma Awolowo da Azikiwe kowa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa, aka yi zaman 'yan marina, Shagari ya koma kujerarsa.

Don Allah, masu shirya mana ƙawance a otal-otal ɗin Abuja, ku zo mazaɓu tukuna. Ku tambayi shugabar mata da wakilin akwati a Wurno da Tangaza ko za su yi wa wanda suka zaga jiya aiki. Ku faɗa mana yadda za a fitar da ɗan takara, kuma wanda ya faɗi ya rantse a gaban jama'a cewa zai tsaya.