Eriya a ƙofar gida: inda mazauna unguwannin Amurka ke da gaskiya, da inda suke ɓata ƙarfinsu

A watan Yulin 2021, majalisar gundumar Montgomery da ke jihar Maryland, daf da birnin Washington, ta amince da gyaran dokar tsara gari da ƙuri'a 7 da 2. Kafin gyaran, kamfanin waya da ke son kafa sabon turken eriya a unguwar gidaje sai ya ja baya ƙafa 300 daga gidan mutane, sannan a zauna a saurari maƙwabta. Bayan gyaran kuwa, muddin falwayar wuta ko ta fitilar titi da ke wurin zai cire ya dasa tasa a gurbinta, kuma akwai tazarar ƙafa 30, kusan mita 9 ke nan, tsakaninta da ginin da mutane ke ciki, izini kawai zai nema a ofis, babu zaman sauraro. Tun 2019 da aka gabatar da ƙudurin mazauna ke yaƙarsa, shugaban gundumar na lokacin ma, Marc Elrich, bai goyi bayansa ba, amma ya wuce.

Mutanen nan suna da gaskiya a ƙorafinsu. Sai dai mafi yawan ƙarfinsu yana tafiya ne a kan hujjar da doka ta riga ta toshe tun 1996, wato ta lafiya, alhali abin da aka ƙwace musu da gaske, kuma za a iya dawo da shi, yana gefe ba a cika ɗaga shi ba.

Kafin komai, a san abin da ake dasawa. Ba dogon ƙarfen sabis irin wanda muka saba gani ba ne. A ma'aunin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ƙaramar tasha ita ce wadda turkenta bai wuce ƙafa 50 ba, ko kuma bai ɗara na kusa da shi da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Girman kowace eriya ba zai wuce ƙafa 3 na kyubik ba, wato awon cika da ya haɗa tsawo da faɗi da zurfi, sauran kayan kuma gaba ɗaya ƙafa 28 na kyubik. Wannan 28 ɗin ba ƙaramin abu ba ne, ya kai girman babban firji. A cikinsa akwai akwatunan rediyo, da mitar wuta, da makashin wuta na gaggawa, da mahaɗar wayar fayiba, wani lokaci har da fanka mai sanyaya na'ura. Eriyar tana can sama cikin murfi, sau da yawa ba a ma lura da ita. Akwatin da ke maƙale a jikin falwaya ko zaune a gefen hanya shi ne mai gida zai riƙa gani duk safiya, shi ne kuma zai riƙa jin gurnaninsa da dare idan fankar ta tsufa.

Dalilin kusanto da su gidaje ba son zuciya ba ne kawai. Siginar da ke zangon gigahaz 24 zuwa sama ba ta yin nisa, 'yan ɗaruruwan mita ne, kuma bango da ganyen bishiya suna tare ta. Ko a zangon ƙasa da haka, turke ɗaya yana cika idan masu waya sun yi yawa a ƙarƙashinsa. Dokar da ta ce a ja baya ƙafa 300 a unguwar da gidaje ke jere, a aikace haramci ce, domin babu filin da zai cika sharaɗin. Kuma haramci shi ne abin da dokar tarayya ta hana ƙananan hukumomi yi.

Nan ne masu adawa ba sa son a tsaya. Sashe na 704 na dokar sadarwa ta 1996 ya ce ƙaramar hukuma ba ta da ikon hana eriya bisa dalilin tasirin tururinta, wato ƙarfin siginar rediyon da take fitarwa, matuƙar ta cika ma'aunin FCC. Haka kuma duk ƙin amincewa sai an yi shi a rubuce tare da hujja tabbatacciya a cikin kundin zama. Saboda haka idan mutum hamsin suka tashi a zauren majalisa, kowa yana maganar cutar daji, lauyan kamfani murna yake yi. Zai ɗauki wannan kundin ya kai wa alƙali ya ce ga ainihin abin da ya sa aka hana mu. Zaman da aka yi don a kare unguwa sai ya koma aikin baban giwa.

Ba wai tambayar lafiya ba ta da tushe ko kaɗan ba. A 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tururin rediyo a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa yana da alaƙa da cutar, kuma hujjar da ta dogara da ita ta fi shafar wayar da ake karawa a kunne. A Agustan 2021 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta ce FCC ba ta yi gamsasshen bayani ba kan dalilin riƙe ma'auninta na tururi na 1996 yadda yake, ta mayar mata da batun. Amma kotun ba ta ce eriya na cutarwa ba, ba ta kuma soke ma'aunin ba. Ƙarfin sigina yana faɗuwa da sauri: a ninka tazara biyu, ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar hannu kuma ta fi ɗaga ƙarfinta idan sabis ya yi rauni. Wurin da ya cancanci a duba da kyau shi ne tagar bene, domin eriya tana harba siginarta ne a kwance daidai tsayinta, ba ƙasa ba. Mai tsaye a gindin falwaya ya fi mai ɗakin sama da ke fuskantarta samun sauƙi. Wannan kuwa ana iya neman rahoton injiniya a kansa, doka ba ta hana ba.

Su kuma kansiloli da ke cewa hannunsu a ɗaure yake, rabin gaskiya suke faɗi. Umarnin FCC na Satumban 2018 ya ɗaure su ta fuska biyu. Ya ba su kwana 60 su yanke hukunci idan a kan tsohon turke za a ɗora, kwana 90 idan sabo ne, ko da takardu nawa kamfani ya jibgo a rana ɗaya. Ya kuma ƙayyade kuɗi: dala 500 na neman izinin tasha biyar, dala 1,000 na sabon turke, dala 270 a shekara kan kowace tasha, sai fa idan gari ya nuna a lissafi cewa yana kashe fiye da haka. Birnin Portland da wasu garuruwa sun kai ƙara, a Agustan 2020 kotu ta tabbatar da mafi yawan umarnin. Amma ta rage wa FCC hannu a kan batun kyan gani, har ya zama abin da ake buƙata daga gari shi ne sharuɗɗansa su zama masu ma'ana, a kuma wallafa su tun kafin a nemi izini. Babu inda umarnin ya ce kada a sanar da maƙwabta. Majalisar da ta cire sanarwa da sauraro, ita ta zaɓi hakan don ta rage wa ma'aikatanta wahalar kwana 60, ba Washington ce ta tilasta mata ba.

Irin wannan jayayyar tazara ba baƙuwa ba ce a Najeriya, inda hukumar sadarwa ta NCC ta tsaya kan mita 5, hukumar muhalli ta NESREA ta ce mita 10, har a 2012 ɗaya ta garƙame wani turke a Abuja ɗaya ta je ta buɗe. Sai dai a nan janareto da malalar gas ne suka fi damun maƙwabci, abin da ƙaramar tashar Amurka mai jan wuta daga layi ba ta da shi.

Abin da ya fi komai muhimmanci kuwa ba a cika jin sa a zauren majalisa ba. Sashe na 6409 na wata dokar 2012 ya ce da zarar an amince da tasha, gari dole ya amince da duk wani ƙari a kanta muddin bai kai babban canji ba. A kan falwayar gefen titi, ƙarin tsayin ƙafa 10 da fitowar ƙafa 6 ta gefe duk ba a lissafa su babban canji, kuma idan gari ya yi shiru kwana 60, an ɗauka ya yarda. Wato siririyar falwayar da aka nuna wa jama'a a hoto ba lallai ita za ta kasance a wurin bayan 'yan shekaru ba. Kariyar da ta fi ƙarfi ita ce idan izinin farko ya rubuta ƙarara cewa murfin eriya da ɓoye kayan a cikin turke sharaɗi ne na ɓoyewa, domin ƙarin da ya rushe wannan ɓoyewar ana lissafa shi babban canji ne, gari na iya ƙin sa.

Don haka ƙungiyar unguwa da ke son ta ci wani abu, a kan rubutun dokar ya kamata ta zauna. A wajabta wa kamfani aika wasiƙa ga gidajen da ke kewaye ranar da ya shigar da takarda, ba bayan an ba shi izini ba. A jera wuraren da aka fi so, mahaɗar hanya da kan iyakar gida biyu kafin gaban tagar mutum, kamfani kuma ya kawo dalilin injiniya a rubuce idan ya tsallake su. A sa iyakar ƙara da za a auna a bakin katangar gida da dare. A nemi awon sigina bayan an kunna tashar, ba lissafin takarda kaɗai ba, da ajiyar kuɗi ta cire kayan idan an daina aiki da su. Ma'aikatan gari ma su lura da kwana 10 na farko: idan takarda ba ta cika ba kuma aka sanar da kamfani a cikin waɗannan kwanaki, lissafin kwana 60 yana komawa farko, idan kuwa aka yi sakaci suka wuce, wannan damar ta tafi.