Rediyon karkara ya tsaya mana lokacin ambaliya

Wannan labari naku cewa rediyoyin karkara na tsaya wa jama'a lokacin bala'i gaskiya ne, mu nan Tawa a Nijar shaida ne. Daminar 2024, da ruwa ya yi ta rusa gidajen ƙasa, jita-jita ta cika WhatsApp. Tsohuwarmu ba ta jin Faransanci, amma da magariba rediyonta na kan tabarma, tana sauraron shirin labarai na Studio Kalangou da Hausa, sannan tashar garinmu ta faɗi makarantar da aka tsugunar da mutane da ranar rabon hatsi. Mai gabatarwar ɗan unguwa ne, in ya yi ƙarya gobe a masallaci za a tare shi. Abin da ke damuna, da an ɗauke wuta sai tasha ta yi shiru. Don Allah ƙungiyoyin agaji, ku sa musu sola da batir cikin kasafinku.