Mai Tara Kuɗin Gidauniya Ma'aikaci Ne, A Biya Shi

Tun da gwamnatin Trump ta rufe USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, a watan Yulin 2025 nake jin wata murna a majalisun Sakkwato da ke ba ni haushi. Wai kasuwar 'yan ƙungiyoyin agaji ta watse, su je su nemi aikin gaske. Masu wannan murnar su ne kuma, idan aka kafa gidauniyar unguwa, ke cewa duk wanda ya karɓi albashi a cikinta ya ci haƙƙin marayu, ai aikin Allah fi sabilillahi ake yin sa.

To su buɗe Suratut Tauba, aya ta 60. Cikin kashi takwas da aka ware wa zakka, na uku na ma'aikatan da ke tattara ta ne, kuma malaman fiƙihu sun ce ko mawadaci ne a ba shi, domin ladan wahalarsa ne. Mu ne muka fi Alƙur'ani tsantseni?

Kowa ya san yadda taron ƙaddamar da gidauniya yake a garin nan. A kafa rumfuna, a jera kujerun roba, mai gabatarwa ya ɗaga murya: "Alhaji ya ba da miliyan biyar!" A yi kabbara, a watse. Bayan wata uku sai ka tarar da sakataren sa-kai, galibi malamin makaranta, zaune a kan benci a ƙofar gidan Alhaji da littafin alƙawura a hannu, maigadi yana gaya masa an tafi Abuja. Ran da man babur ɗinsa ya ƙare, ranar gidauniyar ta mutu.

Bibiyar alƙawari, yanka rasit, rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, samo takardar SCUML da banki ke nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu, rubuta wa mai bayarwa inda kowace naira ta shiga: wannan sana'a ce, koyon ta ake yi. Abdul Samad Rabiu, mai simintin Kalambaina, ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021 da alƙawarin dala miliyan 100 duk shekara. Ga kuma Gidauniyar Dangote. Irin waɗannan wurare takardar neman tallafi da kasafi suke karantawa, ba sa jin kirari. Wa ya iya rubuta su a Sakkwato? Yaran ƙungiyoyin agajin nan da ake yi wa dariya.

Ku leƙa Asibitin Noma, na masu cutar noma da ke cin fuska, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa aikin gyaran fuskokin yara tun 2014. Mafi yawan kuɗin ƙungiyar daga aljihun ɗaiɗaikun mutane yake fitowa, kuma ma'aikata masu albashi ne ke tara shi.

Za a ce akwai ɓarayi a harkar. Akwai mana, sai dai ɓarawo ya fi sakewa a gidauniyar da ba albashi, ba littafi, ba mai tambaya.

Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya haɗa gajeren kwas, a jawo waɗanda suka rasa aiki su koyar. Kowace gidauniya kuma ta rubuta albashin mai tara mata kuɗi a fili, a karanta shi a taro tare da sauran lissafi. Alhazan da ke raba buhunan shinkafa da azumi dai ba su taɓa barin mai ɗaukar hoto ya tafi ba a sallame shi ba.